Fatihar Gindin Bedi

Zuwa ga ƙanena Zakariya'u, delege, wakilin sandika, ƙungiyar ma'aikatan lahiya, Madawa.

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da zan ɗora maka karatun ajamina bisa gajiyar da kake ciki. Ina Sakina da yara? Allah shi sa lahiya lau.

Mun ji a rediyo an janye yajin aiki. Majo, shugaban likita, wato asibitin ƙauyenmu, ya buɗe ƙofa, masu allura sun koma. Mu masu shara da wankin ɗakin haihuwa, ni da Biba da Dela, muna gida, don ba mu ji an ambace mu ba.

Ka tuna randa ka zo, ka tara mu gindin bedi. Kai ka ce a ɗaga hannu, ka ce wallahi ba mai komawa sai an biya wa kowa bukata, mu duka, har mu a ɗauke mu aiki da albashi, a bar ba mu kuɗin sabulu. Munka maimaita, munka shafa Fatiha. Yanzu majo ya ce in ban koma ba kahin kasuwar Bangi, zai ba wata tsintsiyata. Ina tsoron komawa da rantsuwa a wuyana. Ka hwaɗa mini inda batunmu ya tsaya.

Yayarka, Sabuwa.

*

Yaya Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa. Ina rubutu a gurguje, muna da reniyo, taron shugabanni.

An ci nasara. An ƙara kuɗin kwanan aiki, za a biya bashin watanni. Ku ma ba a manta ku ba: kowace za ta samu rigar aiki, da safar hannu, da takalmin roba. Batun ɗauka aiki sai zagaye na biyu. Haka sasantawa take, ba a samun komi rana guda.

Ki koma aikinki. Abin gindin bedi ai don a ƙarfafa gwiwar mutane ne, ko'ina haka ake yi. Ke kin cika ɗaukar magana da nauyi.

Naki, Zakariya'u.

*

Ƙanena,

Bayan sallama. Na karanta, na sake karantawa. Allo guda munka yi wa wanki ni da kai, ban tuna malam ya koya muna wani wallahi na ƙarfafa gwiwa ba.

Faruƙ direban ambilas, wanda ya kai ku Tawa wurin sasantawa, ya biyo ta nan shan ruwa. Ban tambaye shi ba. Ya ce yana bakin taga sa'ad da manya sunka ce mata masu shara sun yi yawa, ya ji muryarka ka ce: «Waɗannan ku bar mini su, shugabarsu yayata ce, ba ta musu.» Na ce masa ƙila iska ta juya maganar. Ya ce: «Inna, ni da jiniya nake aiki, amma kunnena lau.»

Ba ni son in riƙe ka da zancen wani. Lokacin yajin nan matar Gado maƙwabcina ta haihu a amalanke ƙofar likita, ina ji daga gidana, na zauna bisa hannuwana saboda kalmarka. Allah ya raya su, amma har yau ba ta amsa gaisuwata. In Faruƙ ƙarya ya yi, ka rubuto kalma guda, in je in ba shi kunya.

Sabuwa.

*

Yaya,

Faruƙ ya cika surutu. Ba ki san yadda zaman nan yake ba. Da na nace a kanku, da duka an tashi hannu wofi, kuma mutane da yawa ke bayana.

Tunda rantsuwar ce ta dame ki, na tambayi malami. Ya ce a ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Ga hatsi nan na ba mai mota, ki yi kaffara ki koma. Don Allah a bar maganar a cikin gida.

Zakariya'u.

*

Zakariya'u,

Sallama. Hatsi ya iso, na gode, ga shi na maido maka ban kwance bakin buhun ba. Kaffara ta wanda ya karya ce, ni ban karya ba. Madawa ba ta rasa miskinai.

Kasuwar Bangi ta ci. An ba wata yarinya tsintsiyata, da rigar da ka samo muna. Ta yi mata yawa, na rage mata hannuwan.

Biba da Dela na gida har yanzu, sun ce ba su motsi sai sun ji daga bakin wanda ya ja Fatiha. Majo ya ƙara musu wa'adi zuwa Juma'a. Dela marayu take riƙo. Ban gaya musu abin da ka ce a Tawa ba, kuma ba ni iya yi musu ƙarya in sun tambaya.

Bedin na nan inda ka bar shi. Ka zo ka tsaya, ka gaya musu «mu duka» ɗin nan ban da su, su samu su koma. Za ka zo ko ba ka zuwa, ka ba mai motar nan amsa, kada ka bari ta kwana.

Ka gaida Sakina.

Yayarka, Sabuwa.