Allurar Keke Uku a Cikin Ƙwai

Daga inbox. Mai saƙon ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, manya da yara. Admin a taimaka a ɓoye ni, sunayen da zan ambata ma duk na canja su. Ni dattijo ne, na kusa saba'in, ina zaune a Longsight nan Manchester, karatuna bai wuce firamare ba, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Don girman Allah shawara nake roƙo, amma kafin ku ba ni sai kun ji abin kunyar da na aikata.

Ina saurayi ɗan dabo ne ni. Ba tsafi, ba aljani, wallahi ko ɗaya ban taɓa gani ba, saurin hannu ne kawai da sanin inda idon mutum yake kallo. Ina bin kasuwannin ƙauye tsakanin Zariya da Funtuwa, in ɓatar da kwabo in zaro shi daga kunnen mutum, a yi dariya a jefo min abin da ya sawwaƙa. Da a nan na tsaya da yau ba ni da abin rubuto muku. Amma sai mutane suka fara jana gefe bayan wasa, wannan ya ce matarsa ba lafiya, wancan ya ce yana zargin an yi masa sammu. Na ga shiga ɗaki ɗaya ya fi yawon kasuwa uku, sai na koma mai cire sammu.

Aikina na ƙwai ne. Wasu ma suna yi, amma nawa daban yake, don ni hannuna ba ya taɓa ƙwan ko kaɗan. Mutanen gida ne za su kawo ƙwansu, su yi masa alama da gawayi, su wanke kwanonsu, wani a cikinsu ya shafa ƙwan a jikin marar lafiya, shi da kansa ya fasa a kwano, sai ga allurai a cikin kwaiduwa. Ba zan faɗi yadda ake yi a nan ba, don sirrin nan shi ne tushen abin da ya kawo ni.

Wata rana aka kai ni gidan wani mai sayar da hatsi, Malam Garba, cikinsa ya kumbura ya rame sosai. Ranar allurar hannu ta ƙare min, na tsaya wajen wani mai tebur a bakin tasha, ya ce ta keken ɗinki kawai ta rage masa. Na ce kawo, allura ai allura ce, ban kawo komai a raina ba. 'Yarsa mai shekara kamar takwas ita ta fasa ƙwan, don ni nake cewa a ba yaro, wai hannunsa ya fi tsarki. Allura uku suka faɗa kwanon samira. Matarsa ta tsamo ɗaya ta duba ta ce, wannan ai ta keke ce, ga kafar zaren a bakinta. Ashe ƙanen Malam Garba, Isa, tela ne, kekensa yana nan cikin zauren gidan, ta gabansa na wuce da zan shiga, har ya tsayar da ɗinki ya miƙo min hannu muka gaisa. Aka tambaye ni wa ya yi wannan aiki, sai na faɗi abin da nake faɗa a kowane gida, na ce ba na kama suna, amma na kusa ne. Na karɓi sallamata na tafi.

Bayan wata huɗu na koma cin kasuwar garin na tarar Malam Garba ya rasu. Dama an shirya kai shi asibiti a Zariya, da aka ga an cire allurai sai aka fasa. Isa kuwa an fitar masa da kekensa waje, ba mai kai masa ɗinki, ko zaman makokin yayansa ba a bari ya yi ba. Duk a bakin mai shayi na ji wannan, na ajiye kofin na hau mota, ban sake taka garin ba. Daga baya na bar sana'ar na zama kuku a gidan wani Alhaji a Kaduna, shi ya zo da ni ƙasar nan, na yi goge-goge na yi gadi har na yi ritaya. Na je Makka, na tuba, a masallacinmu sahun gaba ake matsa min. Amma shekara talatin da wani abu ke nan ban fasa ƙwai da hannuna ba, matata Hajiya tana ɗauka ƙyanƙyami ne. Kuma in ina tafiya a Stockport Road na ji ƙarar keke daga shagon masu rage kaya, da rana tsaka, sai in ga hannun nan da Isa ya miƙo min, da guntun zare a yatsansa.

Bara a wani biki a Sparkbrook can Birmingham na haɗu da Bitrus, mutumin Kafanchan ne, a care home yake aiki wajen kula da tsofaffi, ranar hutu kuma yana bi tebur-tebur yana wasan dabo da kati da tsabar kuɗi. Ina kallonsa bakina ya suɓuce na ce masa ƙaramin yatsanka yana tona maka asiri. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Baba Alhaji, wannan idon dai ba a masallaci aka samo shi ba." Tun daga nan bai bar ni na huta ba sai da ya ja ni taronsu na 'yan dabo. Su bakwai ne, suna haɗuwa Lahadin farko ta kowane wata bayan azahar a ɗakin baya na wani gidan shayi a Sparkhill, kowa ya nuna sabon wasa, sauran su yi masa kaca-kaca. Babbansu wani tsohon Bature ne mai sayar da bidiyon koyon dabo a intanet. A wajensu abin wasa ne mai daraja, ba mai cewa yana da aljani. Na riƙa hawa motar coach ina zuwa, in ce wa Hajiya zumunci na tafi, kuma gaskiya na ji daɗin ganin ana yin abin nan ba tare da an cuci kowa ba.

Kuskurena na biyu son yabo ne, da tsufana. Wata Lahadi wani ya nuna wasan da ya koya a bidiyo, aka yi ta kuranta shi, sai zuciya ta ɗebe ni na ce a sayo ƙwai da allura a shagon kusa. Bitrus ne ya fasa. Sau uku suka sa na maimaita, Baturen ya cire tabarau ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashin tebur, bai gano komai ba. Suna tafi suna ihu, ni kuma ƙarar allurar nan a cikin kwano ta sa na shige banɗaki na kulle ƙofa.

Da na fito na tarar Baturen yana auna wasan kamar mai taya sa a kara, Bitrus yana fassara min inda Turancina ya gaza. Ya ce aibinsa yana ɓata wuri, ba a yin sa tebur-tebur, sai an wanke kwano, sau ɗaya za ka yi a taro ka haƙura, kuma allura ba abin kaiwa kusa da yara ba ce. Wani ya ce to a sa zoben mai kallo maimakon allura. Amma Baturen ya ce ya tsufa yana sayen wasanni, yawancinsu tsohon abu ne aka canja wa riga, wannan kuwa bai taɓa gani ba, ba ya buƙatar wani kaya na musamman, kuma komai a hannun mai kallo yake faruwa. Yana so a ɗauki bidiyonsa, kyamara ɗaya daga sama ɗaya ta bayana, hannuna kawai zai fito, wani ya yi bayani da Turanci, a sayar wa 'yan sana'a kaɗai.

A hanyar tasha Bitrus ya tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, sai na kwashe komai na gaya masa, shi ne mutum na farko da ya ji. Ya ce gwaggonsa ma haka aka ce an cire mata ƙusa a ƙafa har ƙafar ta ruɓe. Ya ce kar in yarda a sayar, a ɗauka da Hausa, fuskata a fili, in faɗi abin da na yi, a sake shi kyauta ya shiga kowace waya. Da Baturen ya ji sai suka kaure. Ya ce wannan tona asirin sana'a ne, kuma wanda zai zauna ya yi ta maimaita bidiyon har hannunsa ya iya ba tsohuwar da za a cuta ba ce, macucin ne, ke nan na koya wa sababbin masu cire sammu aikin da ya fi nasu kyau a banza. Bitrus ya ce in mutane sun san inda allurar take ɓuya za su duba wurin. Baturen ya ce mai wayo sai ya canja wurin. Har yau ba sa ga maciji da juna, ni kuwa kowanne ya yi magana sai in ga gaskiyarsa.

To ga inda abin ya fi ƙarfina. Akwai wata baiwar Allah, Rabi, ta zo yin PhD a uni nan Manchester da mijinta da yaransu uku. Hajiya ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta, ita ta raka ta wajen GP, wato likitan unguwa, ta nuna mata inda ake samun kuka da daddawa. Ni Baba take ce min, in ta yi dambu sai ta aiko. Watan jiya suna falonmu ana hirar bokaye, mijinta yana dariya yana cewa duk ƙarya ce, sai ta ce masa ya yi ta dariyarsa, ita da hannunta ta fasa ƙwai allurar keke uku suka fito daga jikin babanta. Ta faɗi sunan garin. Ta ce baffanta tela ne ya kashe shi. Ba ta gane ni ba, lokacin ba ni da gemu kuma da wani laƙabi ake kirana. Mace ce da ke yini a lab tana binciken kimiyya, amma ta ce abin da ta gani da idonta ba mai canja mata shi. Ina zaune a kujerata ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba Baba?" Na ce Allah ya kyauta.

Bayan sun tafi na gaya wa Hajiya. Ta yi kuka, sannan ta rufe ni da faɗa, ta ce Allah ya rufa min asiri ni kuma zan tona da kaina, in tuna da 'ya'yanmu da surukanmu, mu nawa ne duka a ƙasar nan, magana ɗaya kafin la'asar ta isa Birmingham. Ta ce in aika wa Isa wani abu a ɓoye da sunan sadaka, na ce ai ba kuɗi na raba shi da su ba. Na tambayi wani malami kamar labarin wani nake ba shi, ya ce tuba daban, haƙƙin mutum daban, sai mai shi ya yafe.

Jiya da hantsi Rabi ta zo ita kaɗai ta kunna min voice note. Isa yana raye, yana kwance ba lafiya, 'yarsa ce ta riƙe masa waya. Muryarsa can ƙasa yake cewa, "Rabi, Baffanki ne. Ba abin da zan faɗa da ban faɗa ba, ban yi wa Yaya komai ba. Ki kira ni in ji muryarki, ko zagi ne." Ta ce duk Sallah yana aiko irin wannan ba ta taɓa amsawa ba, amma wannan karon an ce jikin ya yi nisa. Ta goge ido ta ce, "Baba, kai ne uban da nake da shi a nan. In kira shi, ko in bar shi da Allah?" Na ce ta ba ni zuwa Juma'a.

Na san in na ce mata kawai ki kira shi, za ta kira don girmana, amma a zuciyarta shi ne dai wanda ya kashe babanta, haka zai mutu. In kuma na ce ni ne, baki kaɗai ba zai ishe ta ba, sai na yi wasan a gabanta na nuna mata sirrin. Ko ita ta yarda, akwai mahaifiyarta da sauran dangi da mutanen garin, su ba za su zo Longsight su gani ba, sai dai bidiyo. Na Baturen ba zai wanke Isa ba, ba mai ganinsa a can. Na Bitrus zai wanke shi, amma ban san gida nawa za a shiga da shi gobe a yi abin da na yi ba. Na yi tunanin a ɗauka don dangi kawai, amma kun san abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga duka.

Don Allah ku gaya min gaskiya, ko da zafi, na cancanta. In fara gaya mata ni kaɗai, ko a gaban mijinta da Hajiya? In yarda a ɗauki bidiyon da fuskata, ko akwai wata hanyar wanke bawan Allah nan da ban gani ba? Masu ilimi a cikinku, in wani ya koya daga hannuna ya cuci wani, alhakin yana kaina? Kar ku ce in jira, mutumin ba shi da lokacin jirana. Rabi za ta zo Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma da za ta fita ta ce min duk abin da na ce shi za ta yi, don ta san ni ba zan yi mata ƙarya ba.