Murfin Injin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Mai ɗinki, maƙwabciyata, ke riƙe da biro. Ni ban iya ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta yi mini kwalliya.

Auta ya sa wa injin murfi. Injin nan na shagon babansa, mai fitar da ado a bakin katako, wanda wuƙaƙensa ke juyawa a tsakiyar tebur har ido ba ya ganinsu. Shi ya cinye wa marigayi yatsu uku. Ni na tsince su cikin dusar katako, na naɗe a ɗankwalina. Shekara tara ina roƙon yaron nan ya mayar da murfin, sai ya ce, "Inna, murfi rage sauri yake yi."

Matarsa ta faɗa sau ɗaya. Sau ɗaya fa!

Alhamis, 6 ga Maris

Na leƙa shagon. Murfin roba ne garai-garai, ana hango wuƙa ta ciki. Har da wata sanda da matar ta sa ya fiƙe, da ita yake tura katako, hannunsa can nesa. Yana nuna wa masu saye yana washe baki: "Dabarar uwargida ce."

Dabarar uwargida. Ni da na tsinci yatsu fa, dabarar wa nake da ita?

Mai ɗinki ta ce in gode wa Allah. Na gode. Rubuta cewa na gode.

Asabar, 8 ga Maris

Yau babbar 'yata ke rubutawa, tana ta hararata.

Muna cin abinci na ce wa Auta, "Babanka dai shekara talatin yana sana'ar nan, mace ba ta taɓa koya masa riƙe katako ba." Na faɗa kamar wasa. Ba wanda ya yi dariya. Matar ta tashi wai za ta ɗebo ruwa, ga ruwa cike da jug.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba komai. Ƙafa ke ciwo.

Litinin, 10 ga Maris

Ya cire murfin.

Na gan shi rataye a ƙusa bayan ƙofa, sandar ma an jefar ƙarƙashin benci. Ɗakina bango ɗaya ne da shagon. Duk sanda kukan injin ya canza sai in tsaya ina jiran ihu. Na san ihun. Na taɓa jin sa ta bangon nan.

Na ce, "Auta, wasa fa nake yi." Ya ce, "A'a Inna, gaskiya kika faɗa." Bai ko ɗago ba. Yatsunsa kusa da wuƙa kamar faɗin wannan biron.

Mai ɗinki, bar kallona, rubuta.

Talata, 11 ga Maris

Matar Auta ta shigo ɗakina. Ta kawo mini shayi, kukan injin na canzawa ta waiga bango har shayin ya zube a faranti. Ashe ita ma kunnenta na kan bango.

Laraba, 12 ga Maris

Da safe kafin ya kunna, na ciro murfin daga ƙusa, na hau kan teburin injin na zauna da shi a cinya. Da ƙyar na hau. Ya ce, "Inna, sauko, ina da ƙofofi shida." Na ce sai dai ka fitar da adon a jikina. Na ce, "Babanka da nake maka gori da shi, ni nake ɓalla masa maɓallin riga har ya rasu. Wa zai ɓalla maka naka?"

Daga bakin ƙofa aka ce, "Ba ni ba." Matar tasa ce, da sifana da notunan murfin a tafin hannu. Tun Litinin suna ɗaure a bakin zaninta.

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Kun haɗe mini kai ke nan." Ya ɗaure. Na sa ta girgiza murfin in gani ko ya kama.

Mai ɗinki ta tafi unguwa, 'yata kuma nisa. Matar Auta ce ke rubuta wannan, don dai ba kowa. Rubutun nata ba laifi, in ji masu gani.

Rubuta cewa ni na sa ya mayar.

To, na ji, daina murmushi. Rubuta mu biyu. Amma ni a gaba.