Ƙarfen Tokare Ƙofa

Hawston, 4 ga Nuwamba, 1985

Mamata,

Gaisuwa mai yawa daga bakin teku zuwa gindin duwatsun Genadendal. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya lafa, kuma Anti Sanna tana shafa miki magani a kan lokaci, ba sai ta gama surutunta ba. Mu nan lafiya lau, ni da mijina Tobie da ɗan da ke cikina, wanda ya fara shurina kamar mai koyon iyo.

Saƙonki ya iso a motar Kawu Isak. Mama, rigar sanyi ta jariri fa na roƙa. Da na ji nauyin ƙunshin sai na ce lallai rigar yaƙi kika saƙa wa jikanki. Ina kwancewa sai ga ƙarfen da marigayi Baba yake ɓamɓaro perlemun, babbar katantanwar tekun nan, da shi daga jikin dutse, wanda ya yanko daga sifirin ɗin tsohuwar mota, da tsatsarsa, da igiyar fatar da yake zurawa a wuyan hannu. Kawu Isak ya ce kin ce a ba surukinki, a kuma tuna masa cewa Baba ya tsufa yana nutso, ya mutu a kan gadonsa da yatsunsa goma cif.

Na gode har cikin raina. Igiyar har yanzu tana warin gishiri da tabar Baba, sai da na zauna na sha kukana. Amma ba zan ɓoye miki ba, Tobie dariya ya yi. Ya sayo sabo a Hermanus, fari tas, marar nauyi, har haƙoransa yake dubawa a jikinsa. Ya ce in ya ɗaura na Baba a hannu ba ya bukatar ɗamarar dalma ta masu nutso, kai tsaye zai wuce ƙasan teku ya gaida kifaye. Na nuna masa cewa nasa ba shi da ko hujin igiya, ya ce ai hannunsa ne igiyar. Kin dai san shi, baki kamar reza, amma ba mugunta a ransa.

Ƙarfen Baba bai rasa aikin yi ba. Tun da sakatar ƙofar kicin ta karye iska ke buga ta ba dare ba rana, to da shi nake tokare ta. In ruwa ya janye kuma sai in zare shi in hau duwatsu in ɓamɓaro ƙananan katantanwa na miya. Kada ki ji haushi, Mama, yana hannu.

Ki gaida Anti Sanna, ki ce mata ina nan ina jiran busasshen 'ya'yan itacen da ta yi mini alkawari tun bara.

'Yarki,
Rosina

Hawston, 19 ga Nuwamba, 1985

Mamata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar gwiwa da mutanen gida. Kafin komai ki sani duk muna raye, mu ukun. Yanzu sai ki nemi kujera ki zauna.

Ranar Asabar ruwa ya janye sosai, irin janyewar cikar wata. Kwale-kwalen su Tobie bai fita ba, sai ya ce zai samo mana perlemun biyu na tukunya a kwazazzabon da ke ƙasan gidanmu. Na bi shi da bokitina da ƙarfen Baba. Gari kaf yana bikin coci, ba kowa a kan duwatsun sai mu da tsuntsaye.

Abin da ya faru a ruwa daga baya ya gaya mini. Sanyi ya kashe masa hannu, sabon ƙarfen ya suɓuce ya shige cikin ciyawar teku, ya neme shi ya rasa. Yana cikin nema ya hango wata uwar perlemun a cikin tsagar dutse, faɗinta ya kai faranti, ta saki jiki tana kiwo, ɓawonta a ɗage. Ke matar mai nutso ce, kin san ba a taɓa ta da hannu. Shi ma ya sani. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, ya ce zai riga ta. Ya zura yatsu, ita kuwa ta damƙe dutsen da yatsunsa uku a ciki.

Ni daga sama ƙafafunsa kawai nake gani suna dukan ruwa, har na yi tsaki na ce ya fara wasan nasa. Hannunsa na dama ya shige tsagar har kafaɗa, fuskarsa a ruwa, da bututu yake numfashi. Can ya karkato da kai da ƙyar ya tofar da bututun.

"Rosina, kawo ƙarfen babanki."

Ban taɓa jin muryarsa ba wasa a ciki ba sai ranar. Na duba duwatsu na ga inda ya bushe ɗazu ya jiƙe, wato ruwa ya juyo. Kafin in hau gari da wannan cikin in kira maza mu dawo, da ruwan ya rufe bakin bututun.

Kin san 'yar mai nutso ce ni amma ban iya iyo ba. Haka na sauka da rigata, sanyin ya soke ni har ƙashi, ruwa ya kawo mini ƙirji. Ban san lokacin da na zura igiyar fatar a wuyan hannuna ba, jiki ne ya tuna yadda na ga Baba yana yi. Ban kai wurin Tobie ba wani babban ruwa ya taso ya make ni da dutse, ƙarfen ya fita daga hannuna. Mama, a nan na ga takaba da idona. Sai na ji nauyi yana jan wuyan hannuna, na jawo, ga shi yana lilo a igiyarsa.

Da hagu Tobie ba zai iya ɓamɓara ba, don haka shi ya laluba ya saita bakin ƙarfen a ƙarƙashin ɓawon, ni na riƙe ƙotar. Ruwa na rufe kansa yana buɗewa. Na tuna abin da Baba ke gaya wa sababbin masu nutso, cewa sau ɗaya ake yi, da dukan ƙarfi, wanda ya yi rabi ya ƙara mata riƙo. Na kwanta a kan ƙarfen da duk nauyina, ni da jikanki. Da wancan farin ne da ya lanƙwashe kamar cokali. Na Baba ko gezau, sai ji na yi ta saki.

Mun daɗe zaune a kan dutse muna karkarwar sanyi. Da bakinsa ya dawo cewa ya yi bai san na yi nauyi haka ba. Na ɗaga ƙarfen na ce ya ƙara ko kalma ɗaya. Daga nan ya kifa kai a cinyata ya yi kuka, ni ma na taya shi.

Nas ta duba mu duka. Yaro lafiya, shurinsa ma ƙaruwa ya yi. Yatsun Tobie sun yi baƙi, farata za su zube, amma goma ne, na ƙirga na sake ƙirgawa. Ita kuwa wadda ta so ta raba ni da mijina, a gefen rigata na ƙunso ta. Na dake ta da guduma fiye da yadda laushinta ke bukata, na soya ta da man shanu, Tobie ya ci da hagu. Ɓawon yana zuwa miki a motar Kawu Isak, ki samu na zuba allura.

Mama, ban san da wane baki zan gode miki ba. Riga na roƙa wa ɗana, kika aiko masa da uba. Allah ya saka miki, ya ji ƙan Baba. Tobie ba zai iya riƙe alƙalami ba, yana tsaye a kaina ya ce in rubuta miki haka, kada in ƙara kada in rage: "Mama, na ji."

Ya ɗauke ƙarfen, ya goge tsatsar da hannu ɗaya, ya shafa wa igiyar mai, ya rataye shi tare da kayan nutsonsa. Ƙofar kicin ta koma bugawa, yanzu ma da nake rubutun nan bugawa take yi. Ya ce zai gyara sakatar in hannu ya warke, na ce ba sauri. Duk bugun da ta yi sai na ce na gode Allah.

Ki gaida Anti Sanna. Rigar sanyin kuma har yanzu ina so.

'Yarki mai godiya,
Rosina