Lambobin da Sodangi Ya Taɓa

Gwaggo Kadijatu, don Allah ki taimake ni, ki karanta wagga wasiƙa kafin ranar Alhamis. Ban yi karatu mai nisa ba, aji uku na sakandare na tsaya, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ina cikin takaba, yau wata biyu da kwana tara. Maigidana, Baban Fatu, yana da shagon kwamfuta a nan Isa, jikin gidanmu, shi da amininsa Sodangi. Yara daga Tozai da ƙauyuka nan suke zuwa rajistar jarabawar shiga jami'a. Na'urar da ke raba intanet kuwa a ɗakina take, saman kwaba, don nan batirin sola yake. Har yau ina kallon fitilunta suna ƙyaftawa, sai in ji kamar yanzu zai shigo ya busa mata ƙura.

Shi mutum ne mai son koyarwa, ko tuwo nake tuƙawa sai ya yi ta mini bayani. Ya ce kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi wani abu da ake kira DNS, shi kuma ya ba ta lambar. Wai kamar ɗan kamasho ne a tasha, ka faɗa mashi gari ya nuna maka mota. Layi biyu ne na lambobi a cikin saitin na'urar. In an ɓata su, intanet na nan amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Duk ya rubuta a ɗan littafinsa, har da kalmar sirri, ya sa ni na gwada da wayata yana mini dariya.

Wata Laraba shafuka suka daina buɗewa. A gabana, bakin zaure, ya tambayi Sodangi ko ya taɓa saitin. Sodangi ya rantse bai taɓa ba. Baban Fatu ba ya bincike bayan rantsuwa, sai ya ce to na'urar ce ta gaji. Da safe ya shiga mota zuwa Sakkwato sayo sabuwa. Taya ta fashe musu a hanya. Gawarsa aka kawo mini da la'asar.

Gwaggo, bayan addu'ar bakwai shago ya buɗe, komai na aiki, da tsohuwar na'urar. Sabuwar ai ba a ko sayo ta ba. Hajo matar Sodangi ce ta zo gaisuwa, baki ya suɓuce mata. Ashe Sodangi ya ga wani bidiyo a waya cewa wasu lambobi na ƙara gudun intanet, ya sa su ba daidai ba, kunya ta hana shi faɗi. Daga baya ya maida su shiru. Kunya, Gwaggo. Fatu shekararta huɗu, kullum sai ta tambaye ni yaushe motar Sakkwato ke dawowa.

Ga abin da na ƙudura. Ranar Alhamis ake rufe rajista, shago zai cika maƙil. Za ni ɓata lambobin nan, in sauya kalmar sirri, in ja ƙofata. Ina takaba, ba namijin da zai shigo mini ɗaki. Sodangi ya tsaya gaban iyayen yara yana zufa, a zage shi, sunansa ya ɓaci har Sabon Birni. Kullum ina jin muryarsa ta bango yana raha da mutane. Wallahi so nake ya ɗanɗana. Amma ina shafa littafin nan sai hannuna ya yi sanyi. Mi za ni yi?

Maman Fatu, daga Isa

Maman Fatu, 'yata,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya Fatu. Ba zan ce ki daina fushi ba. Idan abin da Hajo ta faɗa gaskiya ne, Sodangi ya yi rantsuwa a kan ƙarya, kuma ƙaryar ce ta ɗora amininsa a hanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a auna ɗaya gefen. Bai fasa taya ba, bai kuma nufi mutuwar kowa ba. Ajali ya riga ya kira. Sannan har yanzu daga bakin mutum ɗaya kika ji, ba ki ji daga nasa ba. Rahar da kike ji ta bango ba ta nuna miki abin da ke cin sa in ya kaɗaita.

Yanzu ga tambayata. Idan shafuka suka ƙi buɗewa ranar Alhamis, yarinyar da ta taho daga Tozai a kan babur, ranar ƙarshe, ina za ta nufa? Ko ta rasa shekara guda, ko ubanta ya cusa ta a mota a guje neman wani shago, wataƙila a kan hanyar nan da ta ɗauke miki miji. Sodangi kunya kawai zai ji. Ke kuwa kin yi abin da ya yi ke nan, ki ɓata lambobi ki yi shiru. Shi da kuskure, ke da gangan.

A fahimtata ba zufarsa kike nema ba, so kike ya faɗi gaskiya da bakinsa. To a nema ta ƙofar gaba. Ki aika a kira babba a dangin marigayi da limamin unguwa bayan an rufe rajista. Su zauna da Sodangi a zaure, ke kina daga ciki kina ji. A tambaye shi yadda tsohuwar na'ura ta warke ba tare da sabuwa ba. Ba sai an ambaci Hajo ba, kada ki rusa mata aure. Yafiya kuwa hakkinki ce, kada kowa ya ƙwace ta daga gare ki kafin ki shirya. A zaman nan kuma a fayyace matsayinki da na Fatu a shagon.

Kalmar sirri dai ki sauya ta, ki sanar da Sodangi kin sauya, don kada a sake taɓa saitin ba da saninki ba. Lambobin nan layi biyu kuwa ki bar su yadda marigayi ya rubuta. Ya koya miki ne don shafuka su buɗe wa 'ya'yan mutane. Sanyin da hannunki ke yi a kan littafin, ki saurare shi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya fitar da ke takaba lafiya.

Gwaggo Kadijatu