Ranar da Na Kwaikwayi Firisila

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
A rubuta don 'yan baya su sani: yau da ƙarfe biyu na rana aka ɗauke kujerata daga bayan tebur. Shekara tara tana wurin. Mataimakiyata Sista Yemisi ce ta yi juyin mulkin. Ta dawo daga taron bita da sabuwar dabara: bayan miƙa aiki, mu ma'aikatan jinya na sashen masu taɓin hankali mu zauna a zagaye minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya tsorata shi. Na ce mata littattafan da aka tsinto wannan a cikinsu na karanta su tun tana firamare. Na raɗa wa zaman suna Majalisar Kuka. Sunan ya karɓu.

Alhamis, 10 ga Yuli
Dokar farko a aikinmu: kada ka bar majinyaci ya shiga tsakaninka da ƙofa. Firisila, sabuwar nas ɗinmu 'yar Anguwan Rukuba, ta karya ta. Ta kai wa wani majinyacinmu, Mahdi, magani, ta tarar da shi a ƙasa yana kuka, sai ta zagaya ta wajen taga ta durƙusa kusa da shi. Ya miƙe ya rufe ƙofa ya tsaya a jikinta. Minti huɗu. Bai taɓa ta ba, labarin masu bin sa tun daga unguwar Congo-Russia kawai yake ba ta, har Rasheed, ƙaton nas ɗinmu, ya turo ƙofar.
Wajen miƙa aiki na kwaikwayi yadda ta fito, faranti na rawa a hannunta. An yi dariya sosai. Ita ma ta yi. Mu ma haka aka horar da mu.

Talata, 15 ga Yuli
Ruwa tun asuba. Firisila kullum tana ɗakin magani tana gyara abin da yake a gyare. Yemisi ta ce, "Oga Bala, yarinyan nan yana tsoro fa." Na ce ni ma ina tsoron matata Mariya, ga shi shekara ashirin ban bar gidan ba.

Juma'a, 18 ga Yuli
Na tambayi Firisila me ya sa ba ta magana a zaman Yemisi. Ta ce, "Oga, ba Majalisar Kuka ba ce? In na buɗe baki, gobe ni ce shugabar majalisar."
Na koma teburina.

Laraba, 23 ga Yuli
Takarda a teburina. Firisila tana neman a mai da ta sashen yara, sa hannuna kawai ake jira. Na kira ta, na yi mata doguwar lacca: hannunta na da kyau, Mahdi ba ya karɓar magani sai daga gare ta, tsoro yana wucewa. Ta bari na gama.
"Ba Mahdi ba ne, Oga. Shi ba shi da lafiya. Da na fito, na zaci za ka tambaye ni yaya nake."

Asabar, 26 ga Yuli
Ina gida, littafi a buɗe, ban wuce shafi ɗaya ba. A shekarata ta farko a aiki wani majinyaci ya shaƙe ni da rigata. Na je bayan gini na yi amai. Babban nas na lokacin ya kwaikwaye ni a gaban kowa, na yi dariya tare da su. Wata guda ina zuwa bakin asibiti in tsaya, ƙafa ta ƙi shiga. Kullum nakan ce wannan ne ya sa na yi ƙwari. Ko Mariya ba ta san zancen aman ba.

Alhamis, 31 ga Yuli
Na riƙe takardar kwana takwas. Yau na sa hannu. Na tambaye ta yaya take. Ta ce, "Lafiya lau, Oga," cikin ladabi, ta karɓa ta tafi.
Da yamma ni na kai wa Mahdi magani, na tsaya ta wajen ƙofa yadda doka ta ce. Ya tambaye ni ina sistar da take durƙusawa. Na ce an canza mata wuri. Ya juya fuskarsa bango.
Ban kyauta ba. Tun ranar ya kamata in tambaye ta.