Dawakai Sun Bi Iska

Baban Sarnai,

Na jira ka har hantsi ba ka dawo daga gari ba, dole na fita. Rediyo ya ce guguwar dusar ƙanƙara za ta iso kafin yamma. Shanu sun ƙi fita kiwo. Dawakai kuwa sun ba iska baya sun nausa kudu, wajen kwazazzabon da ya cinye dawakan maƙwabcinmu Gombo bara. Zan tare su kafin su kai.

Na ɗaura wa maruƙa barguna, busasshen kashin shanu na hura wuta yana bakin murhu. Sarnai tana wurin Inna.

Kana isowa ka tsiyaye ruwan injin motar. Kada ka ce sai ka sha shayi tukuna, na san halinka. In ya daskare, inji zai fashe.

Na ja igiya daga ƙofa zuwa garke. In guguwar ta rufe gari, ka riƙe ta, kada ka wuce inda ta ƙare. Ko ka ji kamar muryata ce, kada ka sake ta. Dole yarinyar nan ta samu ɗayanmu a gida.

Na ɗauki rigarka ta fatar tunkiya, ta fi tawa kauri. Ka yi haƙuri.

Dulmaa