Tsohuwar Ordinatarka Ta Shigo Tsakar Gida

Zuwa ga Baban Rabi,

Gaisuwa da fatan rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, amma bakina ya saba kawo maka labari.

Ruwa dai har yanzu shiru. 'Yan'uwanka na Gouna suna nan tare da mu, tun da geronsu ya ƙone a tsaye. Rabi ta koma lakwal, karatun boko ya ci gaba. Ni kuma ina cikin takaba, ko zaure ba na leƙawa.

Ka tuna ranar da ka kinkimo tsohuwar ordinatar nan, wato kwamfutar da aka yar a bironku, wurin aikinku? Na ce ana neman abin sawa a tukunya, kai ka kawo mini ƙarfe. Ka buɗe cikinta, ka hure ƙasa, ka cire duk kayan aikin biro, ka zuba mata wasan tseren mota da na ƙwallo. Ka bar gefenta a buɗe kusa da randa wai ta sha sanyi, maƙwabta suna ta yi maka dariya.

Sai daga baya na gane dabararka. Yaran unguwa da na baƙi duk sun koma bakin gudiro, titin kwalta, suna bin kamiyo, manyan motocin hatsi, suna tsintar abin da ya zube. A nan mota ta take ƙafar Sani ɗan ƙanwarka. Ba ka doki kowa ba, ba ka yi wa'azi ba. Doka ɗaya ka kafa: wanda aka gani a bakin titi, ranar ba ya taɓa madannai. Wa ya taɓa zaton tsohon ƙarfe zai riƙe yaro mai jin yunwa daga hantsi har la'asar? Ban taɓa faɗa maka ba, amma ka burge ni ƙwarai. Duk mitar da nake yi a kan hayaniya, a raina alfahari nake da kai.

Bayan rasuwarka Yaya Mamman, babban yayanka, ya ce ba a wasa a gidan makoki, ya rufe zauren da ordinatar take ciki. Gaskiyarsa ce, haka muka tashi muka gani. Amma ba a yi nisa ba Rabi ta shigo da gudu ta ce ta ga Sani, da ɗingishinsa, yana rarrafe a ƙarƙashin kamiyo da ƙwarya a hannu. Me za ka ce da ni in wani abu ya same shi?

Tunda ba ni da halin fita, na sa aka shigo da ordinatar tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, kusa da randa, gefe a buɗe kamar yadda kake yi. Na aika wa Yaya cewa ya yi haƙuri, addu'a ba ta tsaya ba, amma yaran nan ba za su koma titi ina da rai ba. Ya zo da fushi. Ya tsaya a kan Sani yana kallon yadda yake wasan tseren mota, ya daɗe. Kafin ya tafi na ji yana gaya masa ya riƙa sassautawa a kwana.

Yanzu ina zaune a ɗaki da carbi, ina jin ihunsu, ina gane muryar kowa. Yau babu wanda na rasa.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Taka, mai yawan mita,
Maman Rabi